Sharhi: Wa'adin Windows 10 ya cika. A ɗora sabuwa a kan tsohuwa, ko a wanke na'ura gaba ɗaya?

Tun ranar da muka taɓo maganar nan a labaran yamma, saƙonni ba su yanke ba. Wani malamin lakkol daga Kornaka ya tambaya ko gaskiya ne kwamfutarsa za ta mutu. Wata mai aikin buga takardu a nan cikin garin Dakoro ta ce kullum wani rubutu na fito mata a allo da Faransanci yana cewa ta koma Windows 11, ita kuma tsoro take ji, kada ta taɓa ta rasa takardun mutane. Wani kuwa da alama ya riga ya yanke shawara, tambayarsa guda ce: nawa ake fomate a Maraɗi?

To bari mu ɗauki abin daga tushe. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya daina kula da Windows 10, wato babbar manhajar da take tafiyar da yawancin kwamfutocin da ke ofisoshinmu, lakkol-lakkol, likitoci da shagunan sibar. Ta fito ne ranar 29 ga Yuli 2015, ta yi shekara 10 ke nan ana aiki da ita. Malam na Kornaka, ka kwantar da hankalinka, kwamfutarka ba za ta mutu ba. Za ta kunnu gobe kamar yadda ta kunnu jiya, Word zai buɗe, firinta za ta buga. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin ke aikowa ta intanet kowane wata. Duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga yanzu, haka za ta zauna a buɗe, sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi, wanda za mu zo kansa.

Wani zai ce, ni a Dakoro wa ya san da ni har zai yi mini kutse? Ai ba sai an san ka ba. Ƙwayar cutar kwamfuta ba ta tambayar sunan gari. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata da ake kira WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. A Ingila ta tsayar da aiki a asibitocin gwamnati har aka soke ganin likita kusan 19,000, a Faransa kamfanin motoci na Renault ya dakatar da aiki a wasu masana'antunsa. Abin takaicin, Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan kafar tun watan Maris na shekarar, na'urorin da ba su karɓi gyaran ba su ne suka faɗa. Sannan akwai abin da ke zuwa a hankali: bayan da Windows 7 ta ƙare a Janairu 2020, manhajar Chrome ta ci gaba da tafiya da ita har farkon 2023, daga nan ta sake ta. Wanda har yanzu yake kan Windows 7 ya san yadda wasu shafuka ke ƙin buɗe masa. Haka zai faru da Windows 10, ba yau ba, amma yana tafe.

Hanyoyi biyu, da abin da ke cikin kowace

Mai son komawa Windows 11 hanya biyu ce gabansa. Ta farko ita ce wadda muke ce wa mizajur: a ɗora sabuwar manhaja a kan tsohuwa. Fayilolinka suna nan, manhajojin da ka zuba suna nan, firinta da lambar wifi duk suna nan yadda ka bar su. Na'urar tana tattara tsohuwar Windows ta ajiye ta a wani kundi mai suna Windows.old, kuma kana da kwana 10 da za ka iya cewa ka fasa, ka koma inda kake. Bayan kwana 10 na'urar da kanta take share kundin don ta samu wuri.

Ta biyu ita ce fomate, a wanke faifan ajiya tas a zuba sabuwa daga kile. Babu abin da ke saura, mai kyau da marar kyau.

Duk manomi ya san wannan zaɓin. In sabon hatsi ya zo, ko ka zuba shi a kan ragowar na bara a cikin rumbu, ko ka kwashe komai, ka share, ka yaɓe, sannan ka zuba. In rumbun lafiyayye ne, kwashewar wahalar banza ce. In kuwa ƙwari sun riga sun shiga, sabon hatsin ma nasu ne. Mizajur ba ya kashe ƙwayar cuta. Wannan cutar da muka sani duka, wadda ke maida fayilolin kile su zama rakursi, in tana cikin na'urarka kafin mizajur, akwai yiwuwar ka same ta tana jiranka bayansa. Haka tarkacen manhajojin da aka yi shekaru ana zubawa, waɗanda ke tashi tare da na'ura su sa ta nauyi, duk tare za ku ƙaura.

Amma fa a nan ƙasar, abin da na lura, ba a ma ba mutum zaɓin. Ka kai na'ura wurin mai gyara ka ce tana nauyi, amsar guda ce: sai an fomate. Dalilin a fili yake. Fomate aikin awa ɗaya ne ko biyu, kilen yana aljihunsa, ba ya buƙatar intanet mai yawa, kuma na'urar za ta fito da sauri, mai ita ya yi murna ya biya. Neman ainihin abin da ke damun na'ura kuwa yana iya cin wuni, kuma ba wanda zai biya kuɗin wuni. Ba na zargin masu gyara da mugunta, yawancinsu matasa ne da suka koyi aikin da ƙoƙarin kansu, kuma ba don su ba da rabin kwamfutocin jihar nan sun zama kujerun zama. Sai dai abin da ya fi sauƙi ga mai gyara ba lalle shi ne ya fi alheri ga mai kaya ba.

Ni ganau ne. Shekarun baya na ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka da nake haɗa shirye-shirye da ita zuwa Maraɗi, na miƙa wa wani mai gyara na ce masa tana nauyi, ya duba mini, na wuce kasuwa. Da na dawo bayan la'asar ya miƙo mini ita yana murmushi, tana tashi kamar sabuwa. A ciki akwai hirarrakin da na yi watanni ina ɗauka da dattawan makiyaya a kwarin Tarka, kan tsoffin rijiyoyi da burtalai, wa ya haƙa wace, wace shekara aka yi wane fari. Babu ko ɗaya. Ya kwafe mini kundin takardu da na hotuna, amma sautukan suna wani wuri da bai duba ba, ni kuma ban faɗa masa ba. Biyu daga cikin dattawan nan sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Na yi fushi a ranar, amma da na natsu na ga rabin laifin nawa ne: ban ajiye kwafi a ko'ina ba, kuma ban ce masa kada ya wanke ba.

Yanzu ku auna wannan da abin da ke cikin kwamfutocin ma'aikatu. Jerin sunayen ɗalibai da makinsu, rajistar takardun haihuwa da ake bugawa a meri, lissafin ƙungiyoyin mata masu asusu, sunayen waɗanda za a raba wa tallafin abinci, bashin da ke kan abokan ciniki. Sau da yawa kwafi ɗaya ne tak, a faifai ɗaya, a na'ura ɗaya. In faifan irin tsohon nan ne mai juyawa, wani lokaci ana iya ceto wani abu bayan fomate, da sharaɗin a daina amfani da na'urar nan take. In kuwa SSD ne, wanda ke cikin yawancin na'urorin da suka fi sabunta, abin da aka share da wuya ya dawo. Saboda haka ko wace hanya za ka bi, kafin kowa ya taɓa na'urar, a kwafe komai zuwa wani faifai na waje, a jona shi a wata kwamfutar a buɗe fayilolin a tabbatar suna buɗuwa. Kuma kai da kanka za ka yi, ko a gabanka, don kai ka san inda ka ɓoye kayanka. Kada a manta da lambobin sirri da Chrome ya riƙe maka shekara da shekaru har kai ka manta su. Mutane da yawa sun rasa Facebook da imel ɗinsu ta nan.

Tambayar da ta riga duka: na'urar ma za ta ɗauka?

Nan ne maganar ta fi shafarmu. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, tana da sharuɗɗa. Tana son ƙwaƙwalwar aiki ta giga 4 aƙalla, wurin ajiya giga 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Sai babban sharaɗin da ya kayar da yawancinmu: injin sarrafawa, wato furosesa, in na Intel ne sai daga zubi na 8 zuwa sama, waɗanda suka fara fitowa a 2017, in na AMD ne daga Ryzen 2000. Ganewa ba wuya. Ka duba lambar da ke bayan i3, i5 ko i7. In ka ga i5-6300U, zubi na 6 ne, bai shiga ba. In i5-7200U ne, na 7, shi ma bai shiga ba. In i5-8250U ne, ka tsallake. Microsoft yana da wata ƴar manhaja ta kyauta, a na'ura mai Faransanci sunanta Contrôle d'intégrité du PC, ita za ta faɗa maka kai tsaye.

To wace irin kwamfuta muke saye a nan? Ta hannu, okaziyo, wadda wani ofis a Turai ko Amurka ya gama da ita. Da ta Kwatano suke shigowa, tun 2023 da iyakar Benin ta rufe sai ta Lome, ko kuma ta Kano, daga shagunan titin Beirut, su biyo Jibiya da Ɗan Issa su iso Maraɗi. Irin su HP EliteBook 840 G3 da Lenovo ThinkPad T460 da suka cika hannun malamai da ma'aikatan ƙungiyoyi, na'urori ne masu ƙarfi da jure ƙura, amma zubi na 6 ne. A hukumance ƙofar Windows 11 a rufe take gare su. Kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 a duniya za su iya zama shara saboda wannan sharaɗin. Ba sai an yi duba ba kafin a san inda wani kaso nasu zai nufa. Ina sa ran kasuwanninmu za su cika da na'urori masu kyan gani da araha, kuma mai sayarwa ba zai ce maka komai game da zubi ba. Duk mai shirin saye a bana, ko uba mai saya wa ɗansa da ya samu shiga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ya duba lambar nan kafin ya ƙirga kuɗi. Kada ganin Windows 11 a allon ya ruɗe ka.

Na faɗi haka ne don ana iya tilasta wa tsohuwar na'ura ta karɓi Windows 11. Da manhajar Rufus ana shirya kile da zai tsallake binciken TPM da na furosesa, kuma masu gyara sun iya. Yana aiki, ban ce ba ya yi ba. Amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin wannan na'urar ba ta da tabbacin samun gyare-gyare. Kuma kowane zubin Windows 11 na gida ko na Pro wata 24 ake kula da shi, na'urar da aka tilasta wa kuwa ba ta cika hawa sabon zubin da kanta ba, sai an sake komawa wurin mai kile. Waɗanda suka tsufa ƙwarai, irin masu Core 2 Duo, zubin 24H2 ba ya ma tashi a kansu ko an yi dabarar. Ga ɗalibi mai rubuta memuwa da kallon bidiyo, wannan kasada ce da zai iya ɗauka. Ga ofis mai riƙe da bayanan jama'a, ni ban ga hikimar ba.

Abubuwan da ke tilasta fomate ko ba ka so

Akwai inda mizajur ba zai yiwu ba sam. Windows 11 ta 64 bit ce kaɗai, duk na'urar da aka zuba wa Windows 10 ta 32 bit sai an wanke. Sai kuma matsalar harshe, wadda ta shafe mu fiye da kowa saboda muna tsakanin Faransanci da Ingilishi. Na'urar da ta fito Kano da Windows ta Ingilishi, in ka kawo kile mai Windows 11 ta Faransanci ka ce za ka ɗora a kai, ba za ta yarda ta riƙe maka manhajojinka ba. Sai harshen tushe ya zo ɗaya. Mutane kan ga wurin zaɓin ya dushe, su danna gaba ba su karanta ba, su wayi gari babu Word babu komai.

Sai maganar lasisi, wadda ba a son a yi ta da ƙarfi. Yawancin na'urorin ofis da ake kawo mana suna da lasisi na gaskiya a dashe a cikin jikinsu, tun zamanin Windows 8 haka kamfanoni ke yi. In aka zuba irin Windows ɗin da ta dace da lasisin, Famille a kan Famille, Pro a kan Pro, da an jona intanet za ta kunna kanta, kuma lasisin Windows 10 yana aiki a Windows 11 ba tare da ƙarin ko dala ba. Amma mai gyara kile ɗaya gare shi, Pro yake zuba wa kowa, in ta ƙi kunnuwa sai ya kawo manhajar fasa lasisi. Waɗannan manhajojin, irin su KMSpico da ake saukowa daga shafukan da ba a san masu su ba, an sha kama su ɗauke da ƙwayoyin satar lambobin sirri, kuma kafin a zuba su sai an kashe rigakafin na'urar. Ka ga ke nan an wanke rumbu an kuma zuba ƙwarin da hannu. In ka san Windows ɗinka ta fashi ce, ko Office ɗinka, kuma na'urar tana abubuwan da ba ka gane ba, to kai fomate ya kamace ka, amma da Windows da aka sauko daga shafin Microsoft, a kile mai giga 8 da ba a yawo da shi a sibar.

Wani sabon tarko kuma da ban ji ana maganarsa a nan ba. Windows 11 tana matsa wa mutum ya jona intanet ya shiga da asusun Microsoft lokacin zubawa, kuma daga zubin 24H2, a na'urori da yawa tana kulle faifan ajiya da kanta da tsarin BitLocker. Makullin lamba ce mai alƙaluma 48, tana tafiya cikin asusun da aka shiga da shi. In mai gyara ya shiga da asusunsa don ya gama da sauri, makullin gidanka yana hannunsa. Ranar da na'urar ta samu matsala ta fito da shuɗin allo tana neman lambar, in ya canza waya ko ya tafi Agadas neman kuɗi, fayilolinka sun tafi ko da suna nan a cikin faifan. Ka tsaya a buɗe asusun da sunanka, ka rubuta lambar sirrin da makullin a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gona.

Kuma tunda mun zo nan: Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Shugaban ma'aikatar da ya bar kwamfuta mai sunayen marasa lafiya ko lambobin wayar masu karɓar tallafi ta kwana a shagon kasuwa, ya san amana ce ya bari a can, ba ƙarfe kaɗai ba.

Kuran da intanet

Masu rubuta shawarwari a Turai ba sa lissafa abu biyu da mu ba mu isa mu manta ba. Na farko wuta. Mizajur yana iya cin awa ɗaya zuwa uku a tsohuwar na'ura, tana mutuwa tana tashi, kuma in kuran ya ɗauke a tsakiya, sa'a ce ta koma yadda take, rashin sa'a ta ƙi tashi gaba ɗaya. Mun ga yadda wuta ta zama a Agusta 2023 da Najeriya ta yanke layin da ke ba ƙasar nan kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, kuma ko da aka maido a 2024, lokacin zafi kowa ya san halin da ake ciki. Mai kwamfutar tebur kada ya fara sai da ondilar ko batirin hasken rana. Mai ta hannu ya tabbatar batirinta na riƙe wuta, don yawancin na okaziyo minti 20 ne su mutu. A yi aikin da sassafe ko da dare, a ɗaki mai iska, na'urar da ta cika da ƙurar hunturu tana iya kashe kanta don zafi a tsakiyar aiki.

Na biyu intanet. Windows 11 ta haura giga 5, ban da gyare-gyaren da za su biyo baya da direbobin firinta da na sauti. A kan forfen Airtel, Moov ko Zamani wannan kuɗi ne, kuma in layin ya yanke a sake. Shigowar Starlink ƙasar a 2025 ta sauƙaƙa wa wasu ƙungiyoyi da shaguna, amma ba kowa ke kusa da ita ba. Dabarar ita ce a sauko da fayil ɗin sau ɗaya, a sa a kile mai tsabta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, da wannan kilen ana iya yin mizajur ma, ba fomate kaɗai ba: a buɗe shi daga cikin Windows 10 tana kunne, a danna setup, a zaɓi riƙe fayiloli da manhajoji. Lakkol mai na'ura 10 ba sai ta sayi giga 50 ba.

Wanda na'urarsa ba ta cika sharaɗi ba fa?

Yana da numfashi na shekara guda. Microsoft ya buɗe tsarin ƙarin wa'adin tsaro, ESU, har zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga mutane masu na'urar kansu. Sai na'urar tana kan zubi na ƙarshe na Windows 10, wato 22H2, da lasisi na gaskiya. Kuɗinsa dalar Amurka 30, kusan jikka 17 ke nan na sefa, amma ana samunsa kyauta in mutum ya shiga da asusun Microsoft ya yarda a ajiye saitunan na'urarsa a can. Ma'aikatu da kamfanoni nasu daban ne, dala 61 kowace na'ura a shekarar farko, kuma yana ninkawa kowace shekara har uku. Wani abin lura, a ƙasashen Tarayyar Turai ƙungiyoyin kare masu saye sun matsa har kamfanin ya sassauta musu sharuɗɗan samun shekarar kyauta. Mu nan da muke gadon tsoffin na'urorinsu ba wanda ya yi magana da yawunmu. Office 2016 da 2019 su ma a ranar 14 ga Oktoba 2025 ɗin wa'adinsu ya cika, ga masu tambaya.

Sai hanyar da ba a cika ambata ba, barin Windows ɗin kwata-kwata. Linux Mint da Ubuntu kyauta ne, halal, ba fashi, suna da Faransanci, kuma zubinsu na 2024 ana kula da shi har 2029. Mint tana tafiya lafiya a na'urar zubi na 4 ko na 6 da Windows 11 ta ƙi. Ba wasan yara ba ne: jandarmomin Faransa sun fi shekara 15 suna aiki da nasu Ubuntu, kuma jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta maida kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Amma kada in yi muku daɗin baki. Wannan fomate ne cikakke. Adobe Audition da mu ƴan rediyo muka saba da shi ba ya aiki a can, sai Audacity. Wasu tsoffin firintoci suna ba da wahala, takardar Word mai teburori da yawa tana iya karkacewa a LibreOffice, kuma in ta lalace masu gyaran da suka san ta ba su da yawa a kusa. Ga ɗakin kwamfuta na lakkol inda yara ke koyon rubutu da bincike, ni ina ganin ta fi Windows ta fashi nesa ba kusa ba. Ana ma iya gwada ta daga kile ba tare da an taɓa faifan ba, a ga ko firinta da wifi sun yi.

Kwamfutar da ba ta taɓa shiga intanet ba, wadda aikinta buga takarda kawai, tana iya zama a Windows 10 ba tashin hankali. Ƙofarta ɗaya ce, kile. A hana kowa soka nasa.

Ga hajiya mai buga takardu da ta aiko da tambaya: in rubutun da ke fito miki tayin Windows 11 ne daga cikin Windows Update, alama ce na'urarki ta cika sharaɗi. In tana aiki lafiya, ba ta da cuta, ki kwafe takardun mutane a faifan waje, ki tabbatar da wuta, ki bi mizajur, kada ki bari a wanke miki. Da an gama ki gwada firinta da sikana a ranar, ki buga takarda mai haruffan ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ki ga sun fito daidai, don in akwai matsala ki koma baya kafin kwana 10 su cika. Mai tambayar kuɗin fomate kuma, kafin ka hau motar Maraɗi ka fara duba lambar furosesarka. In zubi na 6 ce ko na 7, tafiyar kilomita sama da 100 ba za ta canza ta ba, kuma kuɗin motar da na gyaran sun kusa isa ka sayi faifan da za ka ajiye kwafin kayanka.